Mikisa Biyu a Falon Baba

Wata bakwai ke nan da Baba ya ce kada ya sake jin an ambaci Shiru-Shiru a gidansa, ni kuwa wata bakwai ke nan ina ambatonsa a zuci safe da yamma.

Ba wai ya taɓa ganinsa ba ne. Sana'arsa kawai ya ji ya haɗe rai.

"DJ?" ya ce ranar da na kai masa maganar. "Auta, duk mazan duniyar nan ki rasa wanda za ki kawo min sai mai fasa wa jama'a dodon kunne?"

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana injiniyan sauti a gidan rediyo, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa barin ma'aunin sauti ya shiga ja ba. Tun muna yara mun haddace. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa rashin tarbiyya ne. A wurinsa duk DJ mutumin ja ne, ba shi da kunne sai hayaniya.

Abin dariyar shi ne, nawa DJ ɗin ko magana ba ta dame shi ba, shi ya sa ma abokansa suka laƙaba masa Shiru-Shiru. A bikin raba kyaututtuka na makarantar da nake koyarwa na fara ganinsa, yana sakin kiɗa daidai yadda iyaye ke iya hira ba sai sun ɗaga murya ba. Na je na yi masa godiya, ya yi murmushi kawai. Daga ranar zuciyata ta tafi, har yau ba ta dawo ba.

Baba kuma yana da nasa ɗan takarar, Manaja, ɗan amininsa, mai katafaren shagon kayan sauti. Allah ya sani ba mugun mutum ba ne. Aibinsa kawai duk abin da Baba ya ce sai ya ce haka ne, ko da kuwa tari Baban ya yi.

Ana cikin haka Yayana ya bugo waya ya ce yana son yi wa Baba kyautar ritaya. Mikisa ta gani ta faɗa, wato na'urar haɗa sauti, wadda Baba zai haɗa da injinan juya faifansa guda biyu, ya riƙa jin tsofaffin fayafayansa a gida yana sauya wannan zuwa wancan kamar yadda ya saba a wurin aiki. Ya ce Baba ya zaɓi duk wadda ransa ke so.

Kafin a ce me, Manaja ya sa an sauke guda biyu a falonmu, wai Baba ya gwada a tsanake.

Ɗayar mai gefen katako ce, layin sauti biyu, manyan maɓallan murɗawa masu nauyi a hannu, ba allo, ba tarkace. Baba na ganinta ya shafa ta kamar yadda yake shafa kan jikokinsa.

Ɗayar kuma baƙa ce wuluk, layi huɗu, da allo, da fitilu, da maɓallai sun fi a ƙirga. Kallo ɗaya ya yi mata ya taɓe baki.

"Wannan ai kwalliyar motar haya ce," ya ce. Ko yatsa bai ɗora mata ba.

"Haka ne, Baba," in ji Manaja, alhali jiya-jiya yake gaya min baƙar ce ta fi kowacce a shagonsa.

Na zaci magana ta ƙare. Sai ranar Juma'a da yamma Baba ya kira ni falo, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ummanku ta hana ni sakat a kan yaron nan naki. Ta ce ban yi masa adalci ba tunda ban gan shi ba. To, kira shi gobe. Ga mikisa biyu, ya zaɓa min wadda ta dace da gidan nan. Daga zaɓinsa zan san ko yana da kunne."

Na durƙusa. "In ya zaɓi daidai fa, Baba?"

"Sai mu zauna mu yi magana."

"In kuma..."

"In kuma ya nuna min shi mutumin fitilu ne, ki cire shi a ranki har abada. Kin yarda?"

Hawaye ne suka zubo min, rabi na tsoro rabi na murna. Na ce na yarda.

Ina shiga ɗaki na rufe ƙofa na danna wa Shiru-Shiru kira.

* * *

"Ta katako," na ce, tun kafin ya gama sallama. "Ka ji ni? Ta katako. Mai layi biyu. Ko mafarki kake yi aka tashe ka, ka ce ta katako." Sannan na zayyana masa gwajin da Baba ya shirya.

Ya yi 'yar dariyarsa. "Malama da kanta take ba da satar amsa?"

"Kada ka mayar da shi wasa, don Allah. Wata bakwai nake kuka."

"To, Auta. Na ji."

Washegari da hantsi ya iso cikin farar riga mai dogon hannu, ya sha guga har tana ƙyalli. Manaja ya riga shi zuwa, ya kame a kujerar da ke hagun Baba, turarensa ya cika falon. Umma na zaune a damansa inda ta saba zama. Ni kuwa na laɓe a bakin ƙofar kicin da tire a hannu, wai ina jiran a nemi ruwa.

Shiru-Shiru ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa kusa da ƙafar Manaja, ta hagun Baba, ya gaida shi da muryarsa mai sanyi.

Baba bai amsa ba. Idonsa na kan fayafayan da yake jerawa.

Manaja ya yi murmushi ya gyara zama.

Shiru-Shiru ya ɗago ya dubi Baba. Sai ya miƙe, ya zagaya ta bayan teburin, ya sake durƙusawa kusa da Umma ya maimaita gaisuwar.

"Lafiya lau," in ji Baba, ya ɗago ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Kai ne mai hayaniyar? To ga su nan. Zaɓi."

"Baba, da za ku yi min alfarma, ina son in ga yadda kuke sauraro tukuna. Mikisar gida ba ta wurin biki ba ce. Ta mutum ɗaya ce, sai an san mutumin."

Baba ya ɗaga gira. Na ga maganar ta ɗan taɓa shi, ko da yake bai nuna ba.

Ya jona ta katakon da hannunsa, ya goge faifai da ƙyallensa mai laushi, ya sauke allura a hankali, ya saka hedifon. Baba ba ya jin kiɗa ta lasifika. Cewa yake gaskiyar sauti a hedifon take, kuma maƙwabta ba su yi masa laifin komai ba.

Ya lumshe ido, yatsunsa na kan maɓallin yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Da waƙar ta kai tsakiya ya cire hedifon ɗin, ya juya shi, na dama ya koma hagu, ya mayar. Bayan ɗan lokaci ya sake juyawa. Mu mun saba ganin haka, mun ɗauka ɗabi'a ce irin ta tsofaffin ma'aikata.

Shiru-Shiru bai ɗauke ido daga kansa ba.

Da Baba ya gama, sai ya nemi izini ya duba mikisocin. Ya leƙa bayan ta katakon, ya leƙa gabanta inda ake soka hedifon, ya daɗe a wurin. Ya saurare ta, na ga fuskarsa ta saki don daɗi.

"Wannan sautinta kamar mutum na zaune a gabanka," ya ce.

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Amma sai ya koma kan baƙar. Ya cire wayoyi ya mayar mata, ya miƙa hannu can ƙarshen kantar fayafayan Baba ya zaro wani faifai mai koɗaɗɗen bango.

"Ayya," in ji Umma. "Wannan ai namu ne, tun muna saurayi da budurwa. Akwai wata sarewa a ciki da Injiniya ke mutuwar so. Shekara uku ke nan ba a saka shi ba, ya ce faifan ya cinye."

"Ya cinye," in ji Baba a taƙaice.

Shiru-Shiru ya ɗora shi, ya saka hedifon ya saurara. Ya zame kunne ɗaya ya saurara, ya zame ɗayan. Ya taɓa wani ɗan maɓalli, ya daidaita wasu biyu, ya ɗage allurar, ya ajiye hedifon ɗin a hankali a gefen mikisar.

Ya dawo ya durƙusa. Ya ɗan kalli ƙofar kicin, idonmu ya haɗu, sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, baƙar ce ta dace da gidan nan."

Tiren ya kuɓuce daga hannuna.

* * *

Kofuna suka tarwatse a ƙasa, ba wanda ya waiwayo.

"Ban faɗa ba?" Baba ya kalli Umma. "Kin gani da idonki? Fitilu! Da bakinsa ya yabi sautin waccan, amma da ido ya ga walƙiya sai kunne ya tafi hutu."

"Haka ne, Baba," in ji Manaja.

"Mene ne dalilinka, yaro?" in ji Baba.

Shiru-Shiru ya saci kallon Manaja, ya mayar da kai ƙasa. "Baba, ku gafarce ni, dalilin ba na faɗa cikin mutane ba ne. Na bar faifan a kai. In kun samu sarari ku saka hedifon ɗin yadda na bar shi."

"Ni zan saka kunnena a wannan abin? Tashi, yaro. Na gode da zuwa."

Manaja ya ce ranar Litinin zai turo a ɗauke baƙar, ya ƙara da cewa dama shi tun farko ta katakon ya ga ta dace da mutum mai daraja irin Baba.

Ban san lokacin da na bi Shiru-Shiru har bakin get ba, ko takalmi babu a ƙafata.

"Me na yi maka?" Kuka ya ci ƙarfina. "Na gaya maka! Sau uku na gaya maka! Kalma biyu ce, ta katako, ita ce ta gagare ka?"

"Ba ta gagare ni ba, Auta."

"To me ya sa? Ko dama ka gaji da ni ne kake neman hanyar fita? Ka faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Tunda na san shi ban taɓa ganin haka ba.

"Wallahi tun daren jiya nake maimaita ta katako kamar karatu. Da ita na shigo a bakina. Amma da na faɗe ta, da na same ki, na kuma cuci mahaifinki yana zaune yana kallona. Kullum na shigo gidan nan na gan shi a gabanta zan tuna na sani na yi shiru."

"Wace irin cuta? Abin da yake so ne fa!"

"Abin da yake so ne, amma ba ita za ta yi masa ba."

"To gaya min dalilin. Ni ma cikin mutane ce?"

Ya girgiza kai. "Maganar ta Baba ce. In bai faɗa ba, ni ba ni da hurumin faɗa."

"Ko da za ka rasa ni?"

"Ina roƙon Allah kada in rasa ki," ya ce. "Koma ciki, ƙasa da zafi, ba ki da takalmi."

Na tsaya ina kallo har ya sha kwana. Ina son shi, ina jin haushinsa, na rasa wanda ya fi yawa a ciki.

Umma ta same ni a ɗaki na jiƙa filo. Ta zauna ta dafa bayana, ba ta ce ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba.

"Yaron nan yana da ido," kawai ta ce. "Tashi ki share kwalaben nan kafin wani ya taka."

* * *

Ranar Lahadi da safe na fito da shayin Baba, idona a kumbure. Na tarar da shi tsaye a kan baƙar mikisar, ya ajiye kwalinta a gefe zai cire wayoyi ya mayar da ita.

Sai dai injiniya injiniya ne. Hannunsa ba ya iya cire waya bai duba aikin wanda ya jona ta ba. Ya kunna, ya sauke allurar a kan faifan da aka bari, ya tsura wa fitilun ido yana jiran ja, don ya samu abin faɗa.

Fitilun suka hau kore, suka leƙa rawaya, suka sauko. Ya jira inda ganguna suka fi ƙarfi. Ko ɗigon ja babu.

"Hmm," in ji Baba.

Ya waiwaya hagu da dama. Bai gan ni ba, ina bayan labule. Ya ɗauki hedifon ɗin da yatsa biyu kamar mai ɗaukar abin da ba nasa ba, ya saka.

Ya tsaya cak.

Can na ga hannunsa ya tashi zai juya hedifon ɗin kamar kullum. Ya kai rabi ya tsaya a iska. Ya sauko a hankali, ya lalubi kujera ya zauna. Sai ga hawaye na bin kumatun Baba, mutumin da ko ranar da ya bar aiki bai yi kuka ba.

Na fito da sauri. "Baba, lafiya?"

Bai ji ni ba. Na zagayo gabansa, ya gan ni, ya zame hedifon ɗin.

"Kira min Ummanku."

Tana zuwa ya miƙa mata hannu. "Sarewar," ya ce. "Ga ta nan ita da muryar, tare. A kunne ɗaya."

Umma ta zauna a damansa, ta riƙe hannun.

Ya goge fuska da bayan hannu, ya dube ni. "Auta, kunnena na hagu ya mutu. Shekara uku ke nan. Tsofaffin fayafayan nan raba kayan kiɗa suke yi, wasu dama wasu hagu. Wannan, murya na dama, sarewa na hagu. In na ji mai waƙa ba sarewa, in na juya na ji sarewa ba mai waƙa. Faifan lafiyarsa lau, ni ne na cinye."

Na tuna sau nawa na yi masa magana bai amsa ba na ɗauka fushi yake.

Ya nuna wani ɗan maɓalli kusa da ramin hedifon. "Wannan shi ke tattara dama da hagu ya zuba su wuri ɗaya. Ta katakon ba ta da shi, tun ranar farko na duba. Wannan kuwa girman kai bai bar ni na kalle ta ba. In tambaya kuma, sai a ce injiniyan sauti ya kurumce." Ya juya wurin Umma. "Ki yafe min, na ɓoye miki."

Umma ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka ɓoye wa wa? Injiniya, kana zaton don iskar taga na baro kujerata na dawo wannan gefen shekara uku?"

Ni da ke kuka sai ga ni ina dariya.

"Ke kika gaya wa yaron?" ya tambaye ta.

"Ni da ban taɓa magana da shi ba sai jiya?"

Ya kalli faifan na juyawa. "Shekara uku," ya ce a hankali. "Ɗan aminina kullum yana zaune a haguna yana zuba, ina gyaɗa kai, bai taɓa lura ba. Wannan gaisuwa ɗaya ya yi ya sauya gefe. Kuma na tambaye shi dalili a gaban baƙo, ya gwammace in kore shi da ya tona ni."

Na durƙusa, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba.

"Baba, akwai laifina. Tun ranar Juma'a na gaya masa ta katakon kuke so."

Ya zuba min ido ta saman tabarau. "Kin ba shi amsa?"

"Na ba shi."

"Ya san in ya faɗe ta ya same ki?"

"Ya sani, Baba."

Baba ya jingina da kujera, ya daɗe yana jinjina kai. Sai ya sa ƙafa ya ture kwalin nan gefe.

"Umman yara, a gaya wa Manaja ta katakon zai ɗauka gobe." Ya juyo gare ni. "Ke kuma malamar satar amsa, kira min mai hayaniyar nan. Ki ce ya zo ya koya min sauran maɓallan nan, sun yi min yawa. In zai zo kuma kada ya zo shi kaɗai, ya taho da manyansa."

Na miƙe zumbur, na nufi ɗaki da wayar.

"Ina za ki?" in ji Baba. "Dawo ki kira shi a nan. Zagayo ta damana, ina son in ji abin da zai ce."